'Yan Sanda da Masu Taɓin Hankali: Wurin Majinyaci Asibiti Ne

Sau da yawa idan ciwon taɓin hankali ya tashi wa mutum, har ya shiga hargowa ko ya ɗauki makami, 'yan sanda ake fara kira kafin likita. Abin da ɗan sanda ya aikata cikin 'yan mintocin farko shi ne kan sa a rabu lafiya, ko kuwa a yi hasarar rai. Don haka ne wasu ƙasashe suka ware horo na musamman domin wannan aiki.

A shekarar 1987 'yan sandan birnin Memfis na ƙasar Amurka suka harbe wani saurayi mai taɓin hankali, wanda ke riƙe da wuƙa yana yi wa kansa rauni. Mutanen gari suka yi Allah wadai da abin. A 1988 sai hukumar birnin ta haɗa kai da likitoci da jami'o'i da iyalan majinyata, aka kafa wata runduna ta musamman. Ana zaɓen 'yan sandan da suka ba da kansu, a ba su horo na awa 40. Daga baya garuruwa masu yawa a Amurka suka ɗauki wannan tsari.

A wajen horon ana koya wa ɗan sanda alamun ciwon, watau irin su jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, da tsananin tsoro, da zargin cewa ana farautarsa. Ana koya masa ya tsaya nesa kaɗan, ya sassauta murya, ya faɗi sunansa, ya kori 'yan kallo, kuma mutum ɗaya kaɗai ya riƙa magana. Ba a yi wa majinyaci gardama kan abin da yake gani ko ji, ba a kuma yi masa dariya. In ya natsu, asibiti ake nufa da shi.

A nan Nijeriya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa cikin watan Janairu na 2023. Ita ce ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tabbatar da cewa mai wannan ciwo yana da haƙƙi da mutunci kamar kowa. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Jihar Sakkwato, da Yaba a Legas, da Aro a Abeokuta.

Su ma iyali suna da nasu aikin. Duk wanda zai kira 'yan sanda, to, ya faɗa musu tun da fari cewa mutumin ba shi da lafiya, ya ambaci maganin da yake sha, ya kuma faɗi ko yana riƙe da makami. Kada a dake shi, kada a ɗaure shi da mari, kada a bar yara su jefe shi. Ciwo ne da yake da magani, kuma ba wanda ya fi ƙarfinsa.