Normandi Ta San Sunayen Mamatanta, Mu Fa?

Da asubar 6 ga Yuni, 1944, jiragen ruwa kusan 7,000 da suka taso daga Ingila suka tunkari gaɓar Normandi a arewacin Faransa. Kafin rana ta faɗi, sojojin Amurka da Birtaniya da Kanada da ƙawayensu wajen 156,000 sun sauka, wasu ta ruwa, wasu da laima daga sama. Ƙaramin jirgi ne mai shimfiɗaɗɗen gindi yake kai soja bakin yashi, ƙofar gabansa ta faɗi, ya diro cikin ruwa iya ƙirji da kaya niƙi-niƙi a baya, alhali Jamusawa na bisa tudu suna ɓarin wuta. Wasu ma nauyin kayansu ne ya nutsar da su kafin harsashi ya same su. Masu bincike sun tabbatar da mutuwar mutum 4,414 daga ɓangaren ƙawance a wannan yini kaɗai, kuma sun bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa.

A wancan lokaci kakanninmu na can gabas, a yaƙin Bama. Turawa sun ɗebi samari ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai, aka zuba su a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka tsallaka da su teku zuwa Indiya, daga nan sai dazukan Kaladan da Arakan. Mota ba ta cika shiga wurin ba. Abinci da harsasai daga jirgin sama ake jefo musu, sauran aikin kuwa na 'yan dako ne, sojoji marasa bindiga da ke naɗa gammo su ɗauki akwatin albarusai su hau dutse cikin ruwan sama da zazzaɓi. A Janairun 1945 suka ƙwace Myohaung daga hannun Japanawa. A watan nan ne kuma sojojin Birtaniya da Indiya suka sauka daga teku a Kangaw don datse hanyar abokan gaba, runduna ta 82 na matso su ta tudu. Makwabtanmu na Nijar su ma ba a bar su ba: Faransa ta kwashi 'yan ƙasashen da take mulka, kuma dubban baƙaƙen sojoji na cikin waɗanda suka sauka a gaɓar kudancin Faransa daga 15 ga Agusta, 1944.

Wanda ya taɓa wucewa ta barikin Dalet a Kaduna, ko na Chindit a Zariya, ko na Dodan a Legas, ya ga abin da ya rage mana na wannan yaƙi. Sunayen wurare da na runduna muka riƙe a barikokin nan, na mutane kuwa suna can a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda aka sassaƙa sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, har da na Nijeriya. Ko an je can ma akwai sauran aiki, domin magatakardan soja kan rubuta mutum da sunan yanka, ya liƙa masa sunan babban gari. Saurayin da ya fito daga 'Yargoje ko wani ƙauyen Faskari ko Sabuwa, da wuya a ga sunan ƙauyensa. Katsina za a gani, sai lambar soja.

Muna da ranar 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu. Ana ajiye furanni, a saki tattabaru, a harba bindiga, kowa ya watse. Ban raina ba, amma ba a karanta sunan kowa.

Kwana uku bayan shugabannin duniya sun taru a Normandi don cika shekara 80, a daren Lahadi 9 ga Yuni, 2024, 'yan bindiga suka afka wa 'Yargoje a ƙaramar hukumar Ƙanƙara. Mazauna garin suka ce an kashe kimanin 50, hukuma ta faɗi adadin da bai kai haka ba. Gardama ke nan a kan lissafi, a garin da liman ya sallaci kowace gawa, mai unguwa kuma ya san gidan kowane mamaci. Manoma ne, ba sojoji ba, amma a wannan yanki sojoji da 'yan sanda da 'yan sa-kai su ma suna faɗuwa, kuma sau da yawa labarinsu ba ya wuce layi biyu a jarida.

Wani zai ce Musulmi ba ya ƙawata kabari, addu'a ce ke isa ga mamaci. Gaskiya ne, kuma ba dutsen marmara ake nema ba. Littafi ake nema a ofishin hakimi, mai ɗauke da suna da sunan uba da unguwa da ranar rasuwa da iyalin da aka bari, domin da shi maraya zai nemi haƙƙinsa. Na Bama kuwa lokaci ya ƙure: wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1944, haihuwar 1926 ne. Yanzu sai dai a bi 'ya'ya da jikoki gida-gida, a tambayi wanda ya ajiye lambar yabo ko takardar sallama a gindin adaka.