Wa Ke Raba Wuri A Cikin Kwamfuta?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, ya rubuto yana cewa ɗansa mai koyon rubuta manhaja ya cika masa kunne da kalmar get_allocator. Shin mece ce ita?

To malam, mun gode da wasiƙa. Kalmar daga C++ ta fito, ɗaya daga cikin harsunan da ake ba kwamfuta umarni da su, wanda Bjarne Stroustrup, mutumin Denmak, ya fara haɗawa a Amurka a 1979.

In manhaja za ta ajiye jerin abubuwa, misali farashin buhu ɗari, takan zuba su a wani mazubi, kamar wanda ake ce wa vector. Amma fa filin ba na mazubin ba ne. Akwai mai rabon wuri, kamar dai sarkin kasuwa da rumfuna. Shi ke yanka wa mazubi fili a ƙwaƙwalwar na'ura, shi kuma ake mayar wa. In vector ya cika, sai ya nemi fili mafi girma, ya kwashe kayansa can, ya mayar da tsohon. Alexander Stepanov ne ya shigo da tsarin, aka sa shi cikin ƙa'idar harshen ta 1998.

Ita get_allocator tambaya ce ake yi wa mazubi: wa ya ba ka wuri? Sai ya miƙo kwafin mai rabon nasa. Da kwafin nan mai rubuta manhaja zai iya karɓar fili daga tushe guda.

To a nan ne ake ɓarna. Filin da ya karɓa fanko ne, kuma mazubin bai san da zamansa ba, balle ya mayar. Dole shi da ya karɓa ya mayar da hannunsa, ya kuma faɗi adadi: ya karɓi wurin abu 5, to 5 zai mayar. In ya manta, fili ya yi ta zurarewa ke nan kamar buhu mai huji, har na'ura ta yi nauyi ko manhaja ta tsaya cik, ga mai saye a tsaye yana jira. In kuwa ya kai wa wani mai rabon daban, abin ya fi muni, don ƙa'idar ba ta ɗauki alhakin abin da zai biyo baya ba.

Ka gaya wa yaron, a ganinmu mai koyo ba safai yake bukatarta ba, tunda vector kan yi karɓa da mayarwa da kansa. Masu nemanta galibi su ne masu son mazubi na biyu ya karɓi fili daga inda na farko ya karɓa.