Shamuwa ta dawo, yara ne suka fara ganinta

Duk shekara, wajen Afrilu zuwa Mayu, shamuwa takan dawo garuruwanmu daga kudancin Afirka, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka, dab da gidajen mutane. Da ita manoma ke gane damina ta ƙarato. Amma yau a Maraɗi ko Damagaram, babba nawa ne ke ɗaga kai ya dube ta? Tsadar tiyar hatsi da latsa salula sun ɗauke mana hankali.

Yara kam ba ta wuce su. Ɗiyata mai shekara 5 ce ta tsare ni: "Baba, wa ke gaya mata ruwa ya kusa?" Muka zauna ƙofar gida har magariba muna ƙirga sheƙa. Na ba ta labarin yadda muke kamun shinge bayan ruwan fari, da bin makesu da dare. Ko dala ban kashe ba, amma rabona da irin wannan nishaɗi an jima.

Irin wannan tambaya ba ta daɗewa a bakin yaro. In kullum amsarsa "tafi ka ba ni wuri", wata rana zai daina yinta, ya daina ɗaga kai kamar mu. Iyaye, mu riƙa tsayawa muna amsa musu.