Idon Raga da Makomar Giwan Ruwa: Abin da Tafkin Kainji Ke Gaya Mana

 Garinmu Keffi ba garin masunta ba ne. Kogin Antau da ya ratsa mu bai isa ya cika tiren masu sayar da kifi ba, saboda haka abin da ke shiga tukunyarmu a mota yake zuwa: ko ɗanye daga bakin Binuwai wajen su Loko, ko banda daga manyan ruwaye na nesa, ko tarwaɗar kiwo, ko kuwa na ƙanƙara wanda ya ƙetaro teku. Amma duk wanda ya daɗe yana cefane ya lura da wani sauyi wanda ya fi tsadar kaya daɗewa, wato kifin ruwanmu yana ta ƙanƙancewa. Giwan ruwa, wanda sunansa kaɗai ya isa shaida kan girmansa, yau galibi ana kawo shi bai wuce tsawon kamu ɗaya ba. Shirinmu na yau a kan wannan yake, kuma matsayinmu shi ne: ruwa ba ya fara nuna ciwonsa ta raguwar kwanduna, yana farawa ne ta raguwar girman kifin da ke cikin kwandon, kuma babban mai laifi shi ne idon ragar da ake jefawa.

Za mu ɗauki Tafkin Kainji, ba don shi kaɗai ke da matsalar ba, sai don shi ne ruwan da aka fi ƙirga kifinsa a rubuce a ƙasar nan. An datse kogin Kwara a 1968 domin samar da wutar lantarki, ruwan ya taru ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,270 tsakanin jihohin Neja da Kebbi na yau. Ya haɗiye tsohon garin Busa, aka tashi mutane fiye da dubu 40 aka sake musu matsuguni. Tun a shekarar aka kafa aikin bincike a Sabuwar Busa, wanda daga baya ya zama Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa. Shekarun farko sun zo da albarkar da ba a saba gani ba: a 1971 an kama kifi sama da tan dubu 28. Labari ya bazu, masunta suka yi ta kwarara, Sarkawa da Nufawa da sauransu, har da baƙi daga ƙasashen maƙwabta. Kafin 1978 kamun ya faɗo zuwa kimanin tan 4,500.

Mai adalci ba zai ɗora wannan faɗuwar duka a kan masunta ba. Kowane sabon tafki yana yin irin wannan tashen, domin itatuwa da ciyayi da gonakin da ruwa ya shafe suna ruɓewa su zama taki, abincin kifi ya yawaita, sannan takin ya ƙare kamu ya sauko. Inda maganar take shi ne abin da ya biyo baya. A shekarun 1990, lokacin da aka yi aikin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus kan kamun kifi a tafkin, aka shiga ƙirga jirage da raguna da abin da ake saukewa a bakin ruwa, sai lissafi ya nuna fiye da tan dubu 38 a 1996, wanda ya zarce na shekarun tashe. Wanda ya tsaya a kan adadin zai ce tafki ya warke. Amma da aka leƙa cikin kwandon, sai aka tarar kaso mai yawa warangi ne, ɗan mitsitsin kifin nan da ake shanyawa a rana, kuma da dala ake kamo shi. Dala raga ce doguwa mai ido kamar na gidan sauro, ana zagaye gefen ruwa da ita a jawo zuwa tudu, ba ta tambayar kowa sunansa. Tare da warangin tana kwaso 'ya'yan falia da na karfasa da na giwan ruwa, waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba. Ashe manomi ne ya daka irinsa ya tuƙa tuwo, maƙwabta na yaba masa yalwa.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya kan halittar giwan ruwa, domin ita ce ke bayyana dalilin da ya sa shi ne ke fara ɓacewa. Kifi ne da kan iya kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200 idan an bar shi, amma ba ya hanzarin balaga. Yakan ɗauki kimanin shekara 3, kuma macen ba ta fara zuba ƙwai sai ta wuce rabin mita. Daga nan kuwa, gwargwadon girmanta gwargwadon ƙwanta. Babbar mace guda tana zuba miliyoyi, abin da tarin ƙananan mata ba za su haɗa ba. 'Ya'yan kuma a gefen ruwa suke tasowa, cikin ciyawa, daidai inda dala ke bi, kuma ƙananan kifaye irin warangi su ne abincinsu. Ke nan ta hanya uku ake cin sa: ragar kalli da ƙugiyoyin mamari suna ɗauke iyaye, dala tana kwashe 'ya'ya, sannan ta kwashe abincin waɗanda suka tsira. Idan manya suka yi ƙaranci, masunci ba ya ajiye sana'a, rage idon raga yake yi. Mai yatsa huɗu ya koma uku, mai uku ya koma biyu, kowane mataki yana cika kwando na 'yan shekaru kuma yana sa mataki na gaba ya zama dole. Shi ya sa nauyin kamu kan iya tsayawa cik, ko ma ya ƙaru, alhali ruwan yana tsiyacewa daga ƙasa.

Akwai masu cewa wannan duk sauyin yanayi ne, su kawo misalin Tafkin Chadi. Misalin yana da ƙarfi a wurinsa: ruwan da ya kai murabba'in kilomita dubu 25 a shekarun 1960 ya tsuke ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, kuma ba raga ce ta shanye shi ba. Sai dai Kainji ba ta ƙafe ba. Ruwanta yana ja baya da rani ya dawo, kogin Kwara na cika ta kowace shekara. Kuma fari ba ya zaɓe. Idan ruwa ya yi ƙaranci, babba da ƙarami duk suna ji. Abin da ke tsince manya ya bar ƙanana, sannan ya bi ƙananan tun ba su hayayyafa ba, hannun mutum ne. Haka nan masu zuba guba irin su gamalin a ruwa, ɓarnarsu a fili take kuma babu mai kare su, amma su 'yan tsiraru ne; ragar da ake jefawa kullum da rana tsaka ta fi su cin ruwa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ba a amsa ta da tsawa. Masunci zai ce: ruwa na Allah ne, iyalina yau za su ci, in na saki ƙaramin kifi wani ne zai kama shi gobe. Gaskiya ya faɗa, musamman a kashi na ƙarshe. Babu wanda zai yi haƙuri shi kaɗai a ruwan da kowa ke wawaso, kuma yi masa wa'azi ɓata baki ne. Amma wannan ba hujjar barin ruwa sakaka ba ce, hujja ce ta cewa dokar dole ta hau kowa a lokaci guda. Sannan a dubi wanda ke cin ribar dala. Ba mai ɗan kwale-kwale da birgi ke iya sayenta ba. Tana son jari da ma'aikata, kuma sau da yawa dillalin da ya ba da bashin ragar shi ke karɓar kifin a farashin da ya yanka. Talakan da ake cewa ana karewa shi ne wanda ke kwana a ruwa ya dawo da abin da bai biya kuɗin man inji ba. Ko zancen "na Allah ne" ma, ai daji da kiwo duk na Allah ne, amma babu makiyayin da ke yanka saniya mai ciki ya ce tawakkali yake yi.

To an gwada dokar? An gwada. Akwai dokar tarayya ta kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa tun 1992, kuma a ƙarshen shekarun 1990 jihohin Neja da Kebbi sun yi nasu dokokin: aka sa lasisi, aka ƙayyade cewa idon kalli kada ya gaza inci 3, aka haramta dala. Abin lura shi ne ba a bar aikin a hannun ma'aikatan ofis kaɗai ba, an jawo sarakuna da sarakunan ruwa, kuma cikin 'yan shekaru dala ta ragu daga ɗaruruwa zuwa 'yan ƙalilan. Masu suka za su nuna cewa kamu ya sauko zuwa kimanin tan dubu 13 a 2001, su ce ga amfanin dokarku. Wannan ma tarkon adadi ne: idan ka cire ragar da ke kawo tulin warangi, dole jimilla ta faɗi, kuma kifin da ke bukatar shekara 3 kafin ya haihu ba zai ba ka sakamako a damina biyu ba. Aibin gaskiya yana wani wuri. Tsarin ya dogara da kuɗin aikin haɗin gwiwa da Jamus. Da aikin ya ƙare, sintiri da ƙirga suka yi rauni, haramtattun raguna suka sake fitowa. Daga baya rashin tsaro a yankin ya ƙara wahalar da komai. Ba dokar ce ta gaza ba, riƙon ne aka saki.

Wanda ke shakkar cewa hana kamu yana dawo da manyan kifi, ya dubi Argungu. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a can, kuma sirrinsa ba ya cikin ganguna. Wurin da ake gasar a Matan Fada a rufe yake, ba mai jefa koma sai ranar da aka ba da izini, kuma Sarkin Ruwa ke tsaye a kai. Daga wannan ɗan yankin kogi aka fito da kifi mai kilo 75 a 2005, da mai kilo 78 a 2020. Ba wani sihiri ba ne, hutu ne. Kakanninmu sun san keɓe gurbi da rufe ruwa lokacin da kifi ke ƙwai tun kafin a ba abin sunan boko. A can Tafkin Biktoriya kuwa, inda giwan ruwa baƙo ne da aka kai a shekarun 1950 ya zama hajar fitarwa zuwa Turai, ƙasashen yankin sun sa ƙa'idar cewa kada a kama wanda bai kai santimita 50 ba ko wanda ya wuce 85, don a bar yara su girma, a bar iyaye su haihu. Yuganda ta kai ga tura sojoji kan ruwa a 2017. An ce kifi ya ƙaru, amma an yi ta kukan duka da ƙona jirage. Wannan hanya ba abin kwaikwayo ba ce gare mu. Dokar da sai da bindiga take tsayawa, ranar da bindiga ta tafi ita ma ta tafi.

Me ya shafi Jihar Nasarawa? Muna da madatsar Doma, muna da dogon bakin Binuwai da fadamu da tafkunan da ambaliya ke cikawa, kuma ƙaramin ruwa ya fi babba saurin ƙarewa. Hukumomi na yawan cewa ƙasar na bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da ake samarwa kuwa bai wuce sulusin haka da yawa ba, don haka matsin lamba kan kowane kududdufi ƙaruwa zai yi. Kiwon tarwaɗa a tankuna yana rage wani abu, amma tsadar abincinta ta sa ba za ta maye gurbin kogi ga mai ƙaramin ƙarfi ba. Abin da ya rage mai arha ne idan aka kwatanta da asarar. A ba sarakunan ruwa iko a rubuce, kuma a bar wani kaso na kuɗin lasisi a hannun al'ummar bakin ruwa domin sintiri, kada ya tafi babban birni ya kwana. A bi raga tun daga shagon mai sayarwa da ɗakin ajiyar dillali, domin shaguna ana iya ƙirga su, jirage a cikin dare ba a iyawa. A keɓe gurabun hayayyafa a kowane ruwa. Sannan jami'in da ake turawa bakin ruwa kada ya tsaya ga sikeli, ya tafi da ma'aunin tsawo, ya rubuta tsawon giwan ruwa da na karfasa wata bayan wata. Jami'ar jiha tana nan Keffi, tana da tsangayar aikin gona a Lafiya. Ɗalibai kaɗan da littafi da abin awo a Loko da Doma sun isa su fara wannan lissafin.