Ziyarar Samarkand: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Ina ne Samarkand?

Birni ne a ƙasar Uzbekistan, a tsakiyar nahiyar Asiya, wanda ya haura shekara 2,500 da kafuwa. A nan fataken alharini suke ya da zango tsakanin Sin da ƙasashen yamma. In sunan ƙasar baƙo ne a kunnenka, na Imamu Bukhari ai ka san shi. An haife shi a Bukhara a 810, ya rasu a 870 a ƙauyen Khartank, kusan kilomita 25 daga Samarkand, kuma har yau ana ziyartar kabarinsa.

Me zan gani?

Fara da Registan, dandalin da manyan makarantu uku suka kewaye. Ta Ulugh Beg ce mafi tsufa, an kammala ta a 1420. A goshin ta Sher-Dor akwai zanen wasu dabbobi masu kama da damisa suna bin barewa, abin da ba a saba gani a ginin makarantar addini ba. Ta ukun, Tilya-Kori, tana da masallaci a ciki. Ka shiga ka ɗaga kai. Za ka rantse rufin ƙubba ce mai zurfi, alhali a shimfiɗe yake, zane ne da ruwan zinare ya yaudari idonka.

Daga nan sai Gur-e-Amir, makwancin sarki Timur da ya rasu a 1405, da kuma Shah-i-Zinda, wani siririn lungu na hubbarori masu ado da shuɗin tayil. Mutanen garin sun yi imani a nan aka binne Ƙusamu ɗan Abbas, ɗan baffan Annabi (SAW). A ganina nan ya fi ko'ina kyau, amma ka yi sammako kafin jama'a su cika shi.

Yaya zan isa?

Ɗan Najeriya na buƙatar biza, don haka ka gama da ita kafin ka sayi tikiti. Yawanci ana bi ta Istanbul ko Dubai zuwa Tashkent, babban birnin ƙasar. Daga can jirgin ƙasa mai gudu, Afrosiyob, zai kai ka cikin kusan awa biyu. Kujerunsa na ƙarewa da wuri, sai ka sayi tikiti tun da sauran kwanaki.

Nawa zan kashe?

Kuɗin ƙasar sunansa som. Kowane wuri da kuɗin shigarsa, kuma baƙo ya fi ɗan ƙasa biya. Abinci ba zai ba ka wahala ba: akasarin mutanen Musulmi ne, babban abincinsu kuma, plov, dafa-dukan shinkafa ce da nama da karas.

Yaushe ya fi dacewa?

Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba. In a Janairu za ka je, to ka tanadi rigar sanyi mai kauri, domin dusar ƙanƙara na sauka.