Sankarar Mama: Shin Me Ake Gada Daga Iyaye?

Sau da yawa mukan ji an ce gidan su wance sankarar mama gado ce, ta kama kaka, ta kama gwaggo, yanzu ga ta kan 'ya. To, gaskiyar magana ita ce ba cutar kanta ake gada ba. Abin da ake gada shi ne rauni a wajen gyaran jiki.

Jikinmu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace tana ɗauke da DNA, wato wani dogon zare mai tufka biyu wanda aka rubuta dukkan umarnin jiki a kansa. Kullum zaren nan yana samun lahani, mafi muni kuwa shi ne tufkar biyu su tsinke lokaci guda. A nan ne ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, suke aikinsu. Sinadaran da suke samarwa su ke tattaro masu gyara zuwa inda ya tsinke, a nemo kwafin zaren da ƙwayar ta tanada kafin ta rabu biyu, a maido da abin da ya ɓata daidai. Kamar ɗaliba ce shafin littafinta ya yage, ta ari na ƙawarta ta kwafe harafi da harafi.

Kowa yana da kwafi biyu na kowacensu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wadda ta gaji ɗaya mai nakasa tana rayuwa lafiya da ɗayan. Amma idan shi ma ya lalace a wata ƙwaya, sai gyaran ya koma na cika da ka, kurakurai su taru har su haifar da sankara a mama ko a ma'ajiyar ƙwan haihuwa.

Wata masaniya a Amurka, Mary-Claire King, ita ta gano mazaunin BRCA1 a 1990, aka gano BRCA2 a 1995. Binciken da aka wallafa a 2018 kan mata masu sankarar mama a Ibadan ya nuna kimanin 11 cikin 100 suna ɗauke da nakasa a ɗaya daga cikinsu.

Abin lura, 'yar uwa: kowane ɗa ko 'ya na mai nakasar, yiwuwar ya gada rabi da rabi ne, kuma uba ma yana gadar da ita. Saboda haka ki binciki tarihin dangin uwa da na uba. Idan cutar ta maimaitu a gidanku, musamman ga masu ƙuruciya, ki sanar da likita tun ba ki ji komai ba. Gadon nakasar ba hukuncin kamuwa ba ne, kuma sankarar da aka gano da wuri ta fi jin magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.