Ƙetare Iyakar Ƙasa ta Kogin Kwara: Abin da Ya Kamata Matafiya da Shugabannin Al'umma Su Sani

Kamar yadda aka sani, Kogin Kwara, wanda ake kira Kogin Neja, ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini. Ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar, ya bi ta iyakar Nijar da Benin, sannan ya shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi, a yankin Lolo da Dole Kaina. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180. Tun zamanin kakanni Sarkawa masunta da fatake ke bin wannan hanya. Haka ma baƙi: a shekarar 1830 Turawan Ingila 'yan uwan juna, Richard da John Lander, sun sauka a Yawuri kafin su bi kogin har bakin teku.

Har yanzu akwai masu ɗaukar jaka a baya su shiga jirgin ruwa mai inji daga Yawuri, su nufi Gaya a Nijar ko Malanbil a Benin. Wasu fatauci ya kai su, wasu ziyara, wasu kuma yawon buɗe ido. Kowanne daga cikinsu ya kamata ya san cewa iyaka tana nan a kan ruwa, ko da ido bai ga shinge ba.

Ina iyakar take?

A shekarar 2005 Kotun Duniya ta yanke hukunci a shari'ar Benin da Nijar, inda ta ce iyakarsu ta bi wuri mafi zurfi na hanyar da jirage ke bi a kogin, ta kuma ba Nijar tsibirin Lete. Ma'ana, bayan an wuce iyakar Nijeriya, gaɓa ɗaya Benin ce, ɗayar kuma Nijar. Gaɓar da jirgi ya tsaya, dokar ƙasarta ce ta hau kan matafiyi.

Takardun da ake buƙata

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna ba tare da biza ba har kwana 90, amma da sharaɗin riƙe fasfo ko takardar tafiya ingantacciya, da katin rigakafin cutar shawara. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, kuma a lokacin ECOWAS ta sanar cewa za a ci gaba da barin jama'a su yi zirga-zirga har zuwa sabon umarni. Saboda haka wajibi ne matafiyi ya tuntuɓi ofishin Hukumar Shige da Fice kafin ya tashi, domin an rufe iyakoki a 2019, an kuma rufe ta Nijar a 2023.

Dole ne jami'ai su buga hatimin fita da na shiga. Wanda ya wuce ta ruwa babu hatimi ya karya doka, ko da takardunsa sun cika. Baturen da ba ɗan yankin ba kuwa, sai da biza. Bugu da ƙari, a tanadi sefa, domin ita ce kuɗin Benin da Nijar.

Lokaci da lafiyar tafiya

Ruwan kogin kan cika sau biyu: na damina daga Agusta zuwa Oktoba, da wanda ke isowa daga Gini da Mali cikin hunturu. Da bazara ruwa kan janye, yashi da duwatsu su bayyana. Akwai kuma dorinar ruwa da kututturan da ke nutse.

Ba mu manta da haɗarin Wara na watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgi maƙare da mutane ya kife a Ƙaramar Hukumar Ngaski, aka yi asarar rayuka masu yawa. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wato NIWA, ta haramta tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, ta kuma wajabta sanya rigar kariya. A sa takardu cikin leda, kada kuma a goya jaka a cikin jirgi, domin nauyinta kan ja mutum ƙasa idan ya faɗa ruwa.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da sarakunan ruwa da su tabbatar ana rubuta sunayen fasinjoji a kowace tasha. Baƙon da ya sauka a karɓe shi da mutunci, a nuna masa ofishin shige da fice mafi kusa, a kuma shaida masa halin tsaro a gaba. Wanda aka ga take-takensa ba su da kyau, a sanar da jami'an tsaro, kada jama'a su ɗauki doka a hannunsu. Rigakafi dai ya fi magani.